Eufemia Mai Mabuɗin Cocin Kogo

Matakala ɗari biyu da goma sha ɗaya ne daga bayan gidan burodi zuwa ƙofar cocin kogo, kuma shekara arba'in da uku Eufemia tana sauka tana hawa a kansu kowace safiya, da kwalbar man zaitun a aljihun rigar aikinta. A garinmu, nan kudancin Italiya, babu mai kiran ta da sunan mijinta. Eufemia mai mabuɗi, shi ke nan.

Cocin ba gina shi aka yi ba. Mutanen da ne suka sassaƙa shi a cikin dutsen kwazazzabo, suka cika bangonsa da zanen waliyyai. A bayan bagadi akwai zanen Budurwa Maryamu tana riƙe da Jariri Yesu, fuskarta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Baƙar Uwa muke ce mata. Haka muka tashi muka same ta, haka kakanninmu suka same ta.

Eufemia ta gaji mabuɗin ne daga surukarta Apollonia, wani mabuɗin ƙarfe mai tsawon ludayi. Tana da shekara goma sha tara aka kai ta gidan Eustachio mai fasa dutse, mutum marar magana, wanda ƙurar dutse ta cinye wa huhu tun bai yi furfura ba. Ɗa guda suka samu, Donato. Yana da shekara huɗu zazzaɓi mai zafi ya kama shi. Likita ya zo ya duba, ya rufe jakarsa, bai ce a sayo magani ba. Eufemia ta sungumi yaron ta gangara da shi kwazazzabo ba takalmi, ta shimfiɗe shi a gaban bagadi, ta ce wa Baƙar Uwa, “Ke ma uwa ce. Ki roƙa mini Ɗanki ya bar mini wannan. In ya tashi, fitilarki ba za ta mutu ba muddin ina numfashi.”

Rana ta uku yaro ya buɗe ido ya ce a ba shi burodi.

Tun daga nan lamarin ya zauna mata a zuciya a hanya ɗaya: fitila na ci, Donato na raye. Ba ta taɓa faɗa wa kowa haka ba sai Porzia, wadda ta riƙe yaron ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Kumma. Kowace safiya Eufemia za ta cika fitilar da man da zai kai ta washegari, ta gyara lagwani, ta share ƙasa, ta ja carbinta, ta hawo. Ranar da aka binne Eustachio ma sai da ta sauka kafin a ɗauki gawa.

Porzia kuwa mace ce mai jiki da baki, ba ta sauka kwazazzabo sai ranar idi.

“Kumma,” takan ce, “man da kika ƙona wa bangon nan, da tara shi kika yi da kin soya duk kifin da ke teku.”

“Da ke aka bar wa, da tuni kin lashe shi da burodi.”

“To ai gara cikina, shi yana godiya. Kina jin sa ma yanzu.”

Ranar idin ita ce Lahadin farko ta watan Mayu. Mai riƙe da mabuɗi za ta wanke hannu, ta yago sabon farin ƙyalle daga cikin kayan aurenta, ta tsoma a man tatsar farko, ta hau kujera ta shafe fuskar Baƙar Uwa a gaban jama'a. Mai yana taɓa bango sai launi ya taso daga cikin baƙin: idanu biyu manya, jan leɓe, shuɗin mayafi. Mata su ɗauki kuka, “Ta buɗe ido! Ta buɗe ido!” Kwana uku fuskar take yi a fili, sannan ta koma ciki sai baɗi. Apollonia haka ta yi, wadda ta ba Apollonia mabuɗi ma haka ta yi. Eufemia ta fi su duka iya shafawa, kowa ya shaida.

Donato ya girma, ya tafi Torino aikin masana'anta, ya yi aure a can. Yakan bugo waya Lahadin farko ta kowane wata.

Wata ranar Lahadi a watan Oktoba, bayan an tashi daga sujada a cocin sama, na cikin gari, Fada Saverio ya tare ta a bakin ƙofa. Sabon limami ne, yaro a idonta, kullum yana sauri.

“Inna Eufemia, ranar Alhamis muna da baƙi daga birni. Masana zane ne. Za a gyara mana cocin kogo.”

“Gyara me, Fada? Me ya lalace?”

“Su suka sani. Ke dai ki share wurin, ya yi kyan gani.”

Ta koma gida maganar tana damun ta. Manyan baƙi za su taso tun daga nesa, su tarar da uwar gida fuska a rufe? A garinmu ko dillalin akuya ne zai zo, sai mace ta wanke dokin ƙofarta. Ba lokacin shafa ba ne, gaskiya, amma Eufemia ta ga abin kunya ne a bar ta haka. Ranar Laraba ta ciro ƙyalle na ƙarshe da ya rage a akwatin aurenta, ta sauka ita kaɗai, ta hau kujera. Ta shafa sau ɗaya, ta ga leɓen bai fito yadda take so ba, ta ƙara mai ta danna sosai. Wasu jajayen ɓarɓashi kamar ɓawon albasa suka manne a ƙyallen. Duk shekara takan ga irinsu. Ta kakkaɓe, ta ja da baya ta duba. Fuska na ƙyalli. Ta ji daɗi.

Mutum uku suka zo tare da Fada Saverio. Shugabarsu mace ce 'yar arewacin Italiya mai suna Ilaria, da wando da takalmin hawa dutse, da tocila a hannu. Ta bi waliyyan gefe ɗaya bayan ɗaya tana murmushi. Da ta iso gaban Baƙar Uwa murmushin ya ɗauke. Ta kai yatsa ta taɓa bango a hankali, ta sansana.

“Wa ya yi wannan?”

Eufemia ta matso gaba, ta gyara ɗankwalinta. “Ni ce, 'yata. Jiya na yi mata, saboda ku.”

“Da me?”

“Man tatsar farko, na itacenmu. Ni ba na sa mata na kanti.”

“Tun yaushe ake yi?”

“Ni dai shekara arba'in da uku. Kafin ni surukata.”

Ilaria ta zauna a kan dakalin bagadi ta dafe kai. Da ta yi faɗa, da Eufemia ta san yadda za ta yi da ita. Amma a hankali ta yi magana, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ta ce zanen ya haura shekara ɗari bakwai. Ta ce mai yana shiga ya toshe dutsen, danshi ya rasa hanyar fita, fenti ya kumbura ya rabu da bango, kowace shafa tana tafiya da wani abu. Ta haska tocila a ƙasan hanci.

“Nan babu sauran komai, Inna. Abin da kike gani yana ƙyalli mai ne kawai a kan dutse. Ina ƙyallen da kika yi amfani da shi?”

“Na wanke shi.”

Ɗaya daga cikin mazan ya juya baya ya yi tsaki.

“Kuma baƙin nan ba launinta ba ne,” Ilaria ta ci gaba. “Kunkunniya ce. Hayaƙin fitilar can ne. Dole a fitar da ita yau.”

Mutumin da ya yi tsaki ya sunkuya zai hure fitilar. Eufemia, mai shekara sittin da takwas, ta riga shi. Ta ɗauke ta, ta kare harshen wutar da tafin hannu, ta fita da ita waje. A bakin ƙofa Fada Saverio ya miƙo hannu, idonsa na kan takalminsa.

“Na ɗan lokaci ne, Inna.”

Ta kwance mabuɗin daga ɗamararta ta ba shi.

“Maganar alkawarinki na fitila kuma, kada ta dame ki. Ina da ikon warware miki shi. Kya iya musanya shi da addu'a.”

“Fada,” ta ce, “ranar da na yi maganar nan da ita, mahaifiyarka ba ta yi aure ba. Ba da kai na ƙulla ba.”

Aka sa ƙofar ƙarfe da sabon kwaɗo. Eufemia ta sami wani rami a jikin dutse, taku goma daga ƙofar, ta ajiye fitilar a ciki ta kare ta da fasasshen tulu. Ba a gaban Uwa ba ne, amma dutsen ɗaya ne, haka ta lallashi kanta. Ranar iska sau uku take sauka. Shekara biyu aka yi ana aiki a ciki, tana jin motsinsu, ba wanda ya ce mata leƙo.

Abin da ya fi ci mata rai ba baƙin ba ne, mutanen gari ne. Wata jarida ta rubuta cewa jahilcin mazauna wurin ya kusa hallaka zanen, aka karanta a shagon aski, aka karanta a gidan burodi. Matan da suke gaba wajen kukan “ta buɗe ido” su ne suka fara cewa dama su tun can abin bai kwanta musu ba. Wadda Eufemia ta yi wa kwana tara tana addu'a lokacin da haihuwa ta zo mata da gardama, yanzu in ta hango ta sai ta shiga duba tumatir. Babu wadda ta ce, mu duka muka yi. Porzia kaɗai ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta ce, “Munafukai! Wa ke riƙe mata kujera in ta hau? Ba ke ba ce, mai wuyan kazar nan?”

Ta gaya wa Donato a waya. Ya yi dariya.

“Mama, fitila ce fa kawai. Ki huta da gwiwoyinki. In zan zo zan kawo miki mai batir, ba ta mutuwa.”

Ta tambayi lafiyar yara.

Da aka gama, bishop ya zo ya buɗe cocin, aka yi jawabai. Ba a aiko mata ba, ba ta je ba. Yanzu shiga sai mutum goma goma, tare da mai bayani, kuma an ɗauki Biagio, mijin 'yar Porzia, gadin ƙofa. Shi aka aiko ya gaya mata cewa hanyar baƙi za ta bi ta gaban raminta, ba a yarda da wuta a wurin ba, ta kwashe kafin ƙarshen mako. Ya faɗa yana murza hularsa.

Eufemia ta yanke shawara. Za ta kai fitilar gida, amma ba za ta ɗauke ta kamar ɓarauniya ba. Sai ta shiga da ita tana ci, ta ajiye a gaban Uwa tsawon addu'a ɗaya, ta gaya mata yadda aka yi, ta nemi izini. In an ba ta, za ta ji a jikinta.

“Biagio zai kau da kai,” in ji Porzia. “In bai kau ba, ya nemi inda zai ci abincin Lahadi.”

Ranar Laraba da hantsi suka sauka tare. Porzia tana nishi tana tsine wa wanda ya sassaƙa matakalar da wanda ya ba shi guduma. Eufemia ta sa fitilar a cikin tukunyar ƙasa, ta jingina murfi yadda iska za ta shiga, ta sa a kwando. Suka bi layi a bayan baƙi masu gajeren wando da kyamara. Biagio ya dubi kwandon, ya dubi surukarsa, ya dubi sama.

Warin wurin ne ya fara bugun ta, domin babu shi. Da can ƙanshin mai da danshi da tsohon turare ke tarar mutum. Yanzu kamar ɗakin asibiti. An sa fitilun lantarki a ƙasa suna haska bango, an ja igiya a gaban bagadi. Waliyyan gefe sun fito tas, har ta ga ashe ɗaya yana riƙe da kifi, ita duk zamanta ta ɗauka takalmi ne. Ta sunkuyar da kai, ba ta yarda ta dubi bayan bagadi ba tukuna.

Mai bayanin wani magidanci ne mai gilashi, ba ɗan garinmu ba. Ya yi ta jero shekaru da sunaye. Sannan ya nuna da ɗan sandansa.

“Wannan gurbi mai ruwan toka da kuke gani, nan bakinta yake a da. Ba a iya ceto shi ba. Wata tsohuwa ce a garin nan ta yi shekaru tana goge fuskar da man girki, kamar tana shirin gasa ta.”

Baƙi suka yi dariya. Wata ta ce, “Wayyo, abin tausayi.”

“Kai!” Porzia ta ɗaga murya. “Kai mai gilashi, ɗan gidan uban wa ne kai?”

Eufemia ta mintsine ta a hannu har sai da ta yi shiru. Mai bayani ya ja mutanensa zuwa ɗakin gefe, inda zanen mala'ika yake. Biagio ya matso.

“Inna, zan je in duba wani abu a waje. Ba zan daɗe ba.” Ya ja Porzia suka fita.

Ta tsallaka igiyar. Ta durƙusa da ƙyar, ta ciro fitilar ta ajiye a inda ta saba zama, wurin har ya yi ɗan kwarmi. Sannan ta ɗaga kai.

Yarinya ce. Yarinya ƙarama mai launin alkama, da dogon hanci, da siririn wuya, ba ta kai shekarun jikar Eufemia ba. Idanunta ba sa kallon mai durƙuso, gefe suke kallo, wajen Jaririn. A ƙasan hanci kuwa babu komai, sai shafaffen wuri fari-fari. Eufemia ta ɗaga hannunta ba tare da ta taɓa ba. Faɗin yatsunta huɗu ne daidai.

Ta nemi wadda ta sani a cikin fuskar, wadda ta kai wa Donato, wadda ta yi wa ƙorafin Eustachio da talauci da ciwon baya. Ba ta nan. Wancan baƙin da ta yi shekara arba'in da biyar tana magana da shi, hayaƙinta ne da manta, da na Apollonia, da na matan da suka riga su. Wannan yarinyar tana ƙarƙashi duk tsawon lokacin, ba ta iya ko numfashi.

Maganar da ta shirya ta ƙi fitowa. Wa za ta nemi izini a wurinsa? Da wane baki za a amsa mata?

Sai ta ga hayaƙin. A cikin hasken lantarki ya fito sarai, siririn zare baƙi yana tashi daga lagwani, yana miƙewa sama, kai tsaye zuwa kumatun yarinyar. A duhun da can ba ta taɓa ganin sa ba. Ashe da wannan take ta biyan alheri kowace safiya.

Ta tuna Donato yana shimfiɗe a nan, leɓunansa sun bushe.

“Ki gafarce ni,” ta ce. “Ban san ki ba.”

Ta lashi yatsu biyu, ta matse lagwanin.

Da ta fito Porzia ta leƙa tukunyar, ta dubi fuskarta. Suka hau matakalar a hankali.

Eufemia ta shiga gida ta haɗa jaka: baƙar rigarta ta makoki, carbi, takalmin fita, da takardar da aka rubuta mata adireshin Torino. Ta ajiye jakar a bakin ƙofa, ta jawo kujera kusa da waya ta zauna. Ba ta buga ba, tana tsoron wanda zai ɗauka. Alhamis, Juma'a, Asabar. Porzia tana kawo mata dafaffen wake da ganyen ɗaci, tana komawa da shi yadda ta kawo.

Ranar Lahadi bayan abincin rana waya ta yi ƙara. Sai da ta yi sau biyar ta ɗauka.

“Mama! Kina barci ne?”

Lafiyarsa ƙalau. Ya yi ƙorafin motarsa, ya yi ƙorafin likitan da ya hana shi cin cuku, ya ce 'yarsa ta ci jarrabawa. Yana magana yana tauna wani abu.

“Ya na ji muryarki haka? Mura ce?”

“Mura ce.”

Wata ya zagayo ya sake bugowa, da wanda ya biyo baya. Sai a na uku ta kwance jakar.

“To ki gode wa Allah mana, Kumma,” Porzia ta ce mata. “Yaro na nan garau, har da tumbi. Me kuma kike so?”

“Na gode masa. Kullum ina gode masa.” Ta ci gaba da tsince wake. “Ashe kyauta aka ba ni shi. Da wani ya gaya mini tun farko, da Uwa ta tsira da bakinta.”

Shekara shida ta ƙara a duniya. Tana zuwa cocin sama, tana zama a benci na ƙarshe kusa da mu sauran gwauraye mata, tana amsa addu'a a hankali. Ba ta sake taka matakalar kwazazzabo ba. Gwiwoyin da suka yi shekara arba'in da biyar ba su gaza ba, cikin shekara guda suka sandare. In watan Mayu ya kama takan rufe tagarta.

Donato ya zo jana'iza da matarsa. Bayan an dawo daga maƙabarta akwai sauran sa'a uku kafin jirginsu, sai matar ta ce tunda sun zo gara su ga cocin da ake ta magana. Suka sauka, suka bi layi, suka hawo. Na ji shi da kunnena yana gaya wa Porzia cewa wurin ya yi kyau ƙwarai, bai taɓa sanin haka yake ba. Ya ce abin takaici ɗaya ne kawai, bakin nan da aka lalata.